Kujera Guda da Sunan Ɗan Fari

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Isuhu ya shigo ofishinmu ba. Ni ne akawun ɗaukar ɗalibai a wata sakandaren maza da ke unguwar Suwaidi, a nan ƙasar Larabawa, wadda yawancin yaranta 'ya'yan baƙi ne: Sudan, Yaman, Cadi, sai namu na Najeriya da Nijar. A shekarar nan azuzuwa sun cika maƙil, har masu duba makarantu sun ja mana kunne kada aji ya wuce talatin. A ajin farko kujera guda ce ta rage.

Ƙa'idarmu ita ce uba ya zo da kansa, ya tsaya gaban mudir, wato shugaban makaranta, ya faɗi sunan yaro, ya ce ɗansa ne. Takarda kaɗai ba ta isa, don an sha kawo mana ɗan wani da iƙamar wani, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Malam Isuhu mutumin Maraɗi ne, yana dakon kayan lambu a kasuwar Aziziya. Ya zo da wani dogon yaro, Habibu, haifaffen unguwar Manfuha a nan birnin, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba. Tun a bakin ƙofa dattijon ya gaya mini, in babu gurbi gida Maraɗi zai tura shi, garin da yaron bai taɓa gani ba.

Mudir ɗan Sudan ne, mai saurin hawa amma ba mugu ba. Ni ke fassara. Ya ce, "Wannan ɗanka ne?"

Malam Isuhu ya sunkuyar da kai. "Yaron gidanmu ne."

"Sunansa fa?"

"A tambaye shi mana, ai yana da baki."

Mudir ya ture takardun gefe. "Halas, shi ke nan, ba ubansa ba ne. A kira na gaba."

Nan take na gane ɗan fari ne. Na bayyana wa mudir cewa a wajenmu akwai iyayen da ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce, ba ƙi ba. Ya ce ya ji, amma ga wasu iyaye a waje suna jiran kujerar nan, ba zai karya ƙa'ida a idonsu ba. Haushi ya cika ni, amma a gaskiya ban ga laifinsa ba.

Na juya na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau ɗaya dai. Ko ka faɗa, ko kujera ta tafi."

"Malam, tunda aka haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba."

Ya cire hula, ya share zufa, ya mayar. Sannan ya kalli bango, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Habibu Isuhu. Ɗana ne."

Mudir ya sa hannu. Uban ya fice da sauri kamar wanda aka kama da laifi. Habibu ya tsaya yana kallon ƙofa, ya ce mini da Larabci, "Ustaz, ashe haka sunana yake a bakinsa." Wallahi sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Tun daga ranar, duk dattijonmu da ya zo sai na ja shi gefe na tambaya ko ɗan fari ne, don ya shirya zuciyarsa. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, mu kujeru muke ƙirgawa, amma ku riƙa lura da abin da uba ke sadaukarwa kafin ɗansa ya zauna a kai.