Tambayar da Baba Ya Yi wa Waya

Tun kafin in yi wayo mahaifina ke jan salla a ƙaramin masallacin unguwarmu a Wurno. Da rani kuma manomin albasa ne kamar kowa. Bai taɓa son waya ba, sai da aka koma sanar da ranar sakin ruwan madatsar Goronyo ta cikinta. Wanda saƙo ya wuce shi, albasarsa ta sha rana. Dole ya sayi babba, ya koyi yi mata magana da baki, ita kuma ta karanto masa amsa.

Da tsufa ya kama shi, fitsari ya fara ɗigo masa ba da saninsa ba. Mu a gida mun gane, don ya koma wanke wandunansa da kansa, amma wa zai buɗe baki? Mutumin da kowa ke kawo wa tambaya ya rasa inda zai kai tasa. Abokansa malamai ne, kuma ya san bakinsu. Sai ya tafi da ita gona, inda babu mai ji sai injin ban ruwa, ya tambayi waya ko mai yoyon fitsari zai iya yi wa mutane limanci.

A garinmu ba a hana aron waya. Abin kunya ne, kamar hana maƙwabci garwashi. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, wani dillalin albasa ya miƙo wa Baba hannu.

"Malam, ara mani in duba farashi, tawa ta mutu."

Yana taɓa wurin bincike, tambayoyin Baba suka zubo a jere, yadda ya faɗe su. Ina gefen dillalin, na gani. Na ga leɓensa na motsi, sannan ya ɗan karkata wayar ga na kusa da shi.

Baba ya ce, "Mi kag gani?"

"Ba komi, Malam."

Babu wanda ya taɓa tunkararsa da maganar, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Sahu dai ya riƙa raguwa. Wasu suka koma masallacin bakin kasuwa, wai ya fi kusa. Wani tsoho kuwa in ya bi Baba salla, sai ya koma zaurensa ya sake ta. Ba a jima ba Baba ya tura na'ibinsa gaba, ya ce muryarsa ta dushe. Tun daga ranar yake tsayawa a ƙarshen sahu, dab da ƙofa.

Na goge tambayoyin, amma aikin banza ne. Cikin fushi na ce masa ya rabu da wayar nan gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa.

"To, ruwa fa? Wa za ya gaya mani ranar ruwa?"

Ya miƙo mini ita in kai masa caji.