Ranar da Na Wanke Allon 'Yar Damagaram

Shekara huɗu muka yi muna raba ɗaki ɗaya da ita a unguwar Al Nahda ta Dubai, a hawa na tara, inda idan ka leƙa taga kana ganin motocin Sharjah sun yi layi tun kafin gari ya waye. Ni ina aiki a wani ofishin kago, masu tura kaya gida, a Deira, ina auna kayan 'yan kasuwarmu ina naɗewa. Ita kuma tana yankan tikitin jirgi a wani ɗan ofishi a Al Khabaisi. Ta girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce mata. 'Yar Damagaram ce, ni Bakanuwa, kun ga kuwa tsokana ba sai an koya mana ba. Kullum sai ta ce Kanawa ko a Aljanna sai sun tambayi farashi.

Ranar da na tare a ɗakin na ga wani dogon abu a jingine bayan ƙofa, cikin jaka mai zif, ya fi ni tsawo. Na ce mata wannan teburin guga ai na gidan biki ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce allon hawan igiyar ruwa ne. A Dakar ta koya, lokacin da ta je karatu. Ta ce ranar farko da ta ga teku sai da ta zauna a ƙasa, don ba ta taɓa sanin ruwa yana da ƙara haka ba.

Ban fahimci abin ba, kuma ban ɓoye mata ba. Mace mai hankali, mai sallah a kan lokaci, wadda 'yan kasuwa ke rantsuwa da amanarta, ta ɗauki katako ta shiga teku da ƙafarta? Mu da aka raine mu ana hana mu leƙa rijiya. Amma a hankali na fara kallonta da wani ido. Sauranmu idan hutu ya zo, gida muke nufa da akwatuna shaƙe da atamfa da turare. Ita sai ta raba hutunta biyu, rabi ta kai wa mahaifiyarta, rabi ta saɓa allonta ta tafi Sri Lanka ko Maroko, ta dawo ta yi baƙi ƙirin, gwiwa duk ƙujewa, tana ba ni labarin masunta da irin shayinsu. Ban taɓa ganin mutumin da ya san abin da ransa ke so kamarta ba, kuma ina sha'awar hakan har cikin zuciyata, ko da yake a fili cewa nake aljanun ruwa ne suka aure ta.

Tekun Dubai kuwa malalaci ne. Yawancin shekara a kwance yake kamar ruwa a baho. Sai lokacin sanyi, idan iskar arewa da Larabawa ke kira shamal ta taso, yake motsawa na kwana ɗaya ko biyu. Yadda 'yan kasuwarmu ke duba farashin dala a waya, haka take duba iska. Idan ta ga alama, da an sallame asuba ta fice, ta dawo ta yi wanka ta tafi ofis kamar ba ita ba. Sau da yawa ta ce in raka ta, ina cewa sai wani jiƙon.

A shekara ta huɗu jikin mahaifiyarta ya yi tsanani, kuma ita kaɗai ce 'ya mace. Ba ta yi dogon tunani ba, ta ajiye aiki ta yanki tikitin komawa gida gaba ɗaya. Damagaram babu teku, ita ma ta sani, kuma ba ta san ranar da za ta sake ganinsa ba. Abu ɗaya ta roƙa, Allah Ya ba ta igiyar ruwa ko sau ɗaya kafin ta tafi. Mako uku tana duba waya, teku ko gezau. Ana saura kwana biyu tafiyarta ta haƙura.

"Khalas, shi ke nan, ƙanwata," ta ce. "Ki auna shi ki naɗe, ki sa min a kago. Ko inuwa na yi wa kaji da shi."

Washegari ta fita sallama da mutane, ni kuma na ɗauki hutun rabin yini don in haɗa mata kaya. Na zuge jakar, karo na farko da na ga allon da kyau. Raina ya ɓaci. Samansa duk wani irin dafkaken datti ne, toka-toka, ya yi gudaji-gudaji, yashi da gashi sun manne a ciki. Na ce lallai Yaya, duk tsaftarki? A gidanmu ko kwanon maƙwabta ba a mayarwa sai an wanke, balle kayan matafiyi. Kuma a wurin aiki an san ni, ba na naɗe kaya da ƙazanta, ko na waye.

Na ja shi banɗaki. Na dafa ruwa na kwarara masa, na bi shi da bayan cokali ina kankarewa, dattin yana fita kamar ƙanzo. Na sa soso da sabulu. Da ya bushe sai ga shi fari tas, har da wani shuɗin layi da ban san yana da shi ba. Don in cika aiki, na ɗauko man da muke goge kabad da shi na mulke shi sama da ƙasa, har ina ganin fuskata. Na mayar da shi jaka na zuge, ina jin daɗin kaina.

Da magariba ta shigo tana haki, waya a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Iska ta juya. Gobe da safe akwai ruwa, na 'yan awoyi kawai, jirginta kuma sai bayan la'asar. Ta tambaye ni ko na riga na naɗe allon, na ce a'a, yana nan a jakarsa. Na yi shiru da sauran, ina so ta gani da idonta. Na ce kuma wannan karon zan raka ta.

Muka yi asuba muka fita kafin motocin Sharjah su toshe hanya. Da muka isa gaɓar Umm Suqeim, tun daga inda muka ajiye mota nake jin rugugin ruwan a ƙirjina. Mutane kamar goma sha biyu suna ciki, zaune a kan allunansu. Yaya ta riga ta sa baƙar rigar ruwanta mai rufe jiki har kai. Ta durƙusa a yashi ta zuge jakar, ni kuma na tsaya a kanta ina jiran yabo.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa tafin hannunta a kai, hannun ya zame. Ta shinshina.

"Me kika shafa masa?"

Na faɗa mata, har da bayan cokalin.

Ta rufe ido. Sannan a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani, ta ce abin da na kankare ba datti ba ne, kaki ne. Da gangan ake goga shi, shi ke riƙe ƙafar mutum. In babu shi, tsayuwa a kan allon daidai take da tsayuwa a kan tayil mai sabulu. Kakin ba wuya, ana iya sake gogawa. Man da na mulka ne matsalar, don kaki ba ya kama mai.

Wata Baturiya mai furfura da ta fito daga ruwa ta miƙo mata guntun kaki. Yaya ta goga, ya zame bai bar komai ba. Na ce ta ari na wani mana, ko na Baturiyar nan.

"Shekara goma sha shida muna tare da wannan," ta ce. "Da shi zan yi sallama. Yalla, maza ɗebo jiƙaƙƙen yashi."

Muka durƙusa mu biyu muna dirzar allon da yashi, mu ɗauraye da ruwan teku, mu sake. A bayanmu igiyoyin ruwa suna ta zuwa suna fashewa, ina jin kowace ɗaya kamar da ni take. Ita ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Na so ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Hawaye suka fara zubo min, ina dirza ina jan hanci.

"Doucement, a hankali, kar ki huda min shi," ta ce. "Ai laifina ne da na bar Bakanuwa da abu ita kaɗai. Na gode Allah da ba ki sayar ba."

Na yi dariya cikin kuka. Hannuwanmu suka yi ja, yatsuna suka fara zafi. Mun fi awa ɗaya a haka kafin ta gwada kakin a gefe ya kama. Ta bi allon da shi a tsanake, layi-layi, ba ta yi gaggawa ba duk da rana ta ɗaga, mutane sun fara fitowa suna cewa iska ta soma lalata ruwan. Ta ɗaura igiyar allon a ƙafarta, ta yi bismilla, ta shiga.

Na farko ta miƙe ƙafarta ta zame, ta faɗa. Na biyu ma haka. Na uku ruwan ya juya ta har na daina ganinta, na miƙe tsaye salati a bakina, sai ga baƙin kanta ya ɓullo ta kamo allon ta sake komawa ciki. Daga nan teku ya fara kwanciya. Aka bar ta ita da wasu mutum biyu, can su ma suka fito. Ta zauna a kan allon ita kaɗai, bayanta gare ni, tana kallon inda ruwa ya haɗu da sama. Na duba agogo na fi sau goma. Na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, Ya turo wa baiwarSa ruwa.

Da igiyar ruwan ta zo ba wata babba ba ce. Na ga Yaya ta kwanta ta fara tuƙi da hannu, ruwan ya ɗaga ta, sai kawai ga ta a tsaye. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu ɗaya gaba, tana tafiya a gicciye a jikin ruwan kamar tun da aka haife ta a nan take. Matar da na sani da zama bayan kwamfuta tana fama da 'yan kasuwa masu canza ranar tafiya. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har wani mai gudun motsa jiki ya tsaya yana kallona. Ta kawo har kusa da gaɓa sannan ta sauka da kanta.

Ta fito tana numfashi sama-sama, ta miƙa min allon. Akwai famfon ɗauraye jiki a bakin hanya, na ce ta tsaya ta wanke gishirin kafin mu shiga mota, ga doguwar tafiya a gabanta. Ta ɗauraye fuska da ƙafafu, amma ta janye damtsenta na hagu daga ruwan. Na ce ta manta wuri ɗaya.

"Ban manta ba," ta ce. "Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Shekara da shekaru tana tambayata wai da gaske gishiri gare shi. Gobe in na isa zan ce ta lasa."