Sayid E da Ƙaninsa Sayid Bi

Ko tsufa ya kai ni ga neman tabarau alhali yana kan hancina, ranar bikin cikarmu shekara talatin da aure ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce aka kashe min wasu 'yan'uwa biyu a bainar jama'a, mutanen da ashe ba a ma taɓa haifar su ba.

Abin ya faro tun ina saurayi, sabon direba a hanyar Mubi zuwa Uba. Wata rana a kasuwa na ji wani kiɗa yana tashi daga rumfar wani Babarbare mai sayar da kaset. Ba ganga, ba jita, sai fiyanon lantarki yana ɗiga kamar ruwan sama a kan kwano, ga muryar wani Bature mai sanyi. Nan take kiɗan ya shige min rai. Na ce, "Alhaji, waɗannan su wane ne?" Ya zaro kaset ɗin, ba hoto ba suna, ya duba ya ce, "Sayid E ne. In ka juya, Sayid Bi." Shi gefen kaset yake faɗa min da Turanci, gefen A da gefen B. Ni kuwa da na bar firamare a aji huɗu, sai na ɗauka sunayen mawaƙan ne.

Daga nan na gina musu tarihi. Wa da ƙane ne, Larabawa, sun girma a Ingila. Ƙanin ya fi shan wahalar duniya, shi ya sa waƙoƙin baya suka fi sanyi. Duk fasinjan da ya shiga motata sai ya sha wannan darasi kyauta. Wani ɗalibi ya taɓa fashewa da dariya yana son yi min gyara, na sauke shi tun kafin mu kai Uba. Kaset ya tsinke na liƙa da janfarce, zamani ya juya na sa aka kwafe min a faifai, daga baya a memori. Sauran kaset ma duk akwai A da B a jikinsu, amma kan da ya riga ya yanke hukunci ba ya karatu.

Da kiɗan nan na nemi aure. Lokacin matata tana kwalejin horar da malamai. Ranar da na fara ba ta labarin 'yan'uwan, ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta suna rawa. Na ce a raina, kai, waƙa ta sa yarinya kuka.

To, ranar biki, bayan an tashi daga coci aka kafa rumfa a ƙofar gidanmu a Lokuwa. Ga fasto, ga surukaina daga Michika, ga abokaina direbobi sun cika benci guda. Na sa aka saka waƙar, na karɓi makirfo na fara zuba tarihi. Ina tsaka da bayanin yadda mahaifiyarsu ta rasu, sai babbar 'yarmu, wadda ke aikin jinya, ta kai wayarta kusa da lasifika. Ita da zuciya ɗaya ta yi, so take ta nuna wa jama'a hotonsu.

"Dadi, wayan ya nemo su fa," ta ce da ƙarfi. "Turawa biyu ne, babu Sayid a ciki."

Na ce, "Wayanki yana ƙarya."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon kaset ɗin daga kabad, ta duba, sai ta rufe baki da hannu. "Dadi, ai wannan gefen A ne da gefen B."

Daga bencin direbobi dariyar ta fara. Fasto ya cusa fuska cikin hankici wai yana share gumi. Wani tsohon abokina, wanda ya fi kowa shan darasina, ya miƙe ya ce, "To Sayid Si fa, autansu, yana ina?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona min rai ba. Matata na juya na kalla, malamar Turanci, wadda ta zauna tana gyara ɗankwali.

"Maman yara, kin sani?"

"Tun ranan farko a mota."

"Wato shekara talatin kina min dariya?"

"Talatin da biyu," ta ce, ta karɓi makirfo daga hannuna. "Amma ranan na ce wa kaina, namiji da ya riƙe kuskure gam haka, in ya riƙe mace ba zai sake ba. A maido waƙan daga farko."

Aka maido, ta ja hannuna muka taka, ina kunya ina jin daɗi, idona ya cika da ƙwalla.

Har yau a tasha Sayid E ake kirana, ita kuma Sayid Bi. Waƙoƙin ban daina ji ba, tarihi ne dai na daina bayarwa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni na tambaya na ɓata, don sau ɗaya na tambaya na toshe kunne. Tun daga ranar, in na yi magana na ji kowa ya yi shiru, ba na cewa na burge su. Kafaɗunsu nake fara dubawa.