Kuka Biyu, Rubutu Ɗaya

Jitar ta shigo gidanmu ne ta kan katanga. Maƙwabcinmu na unguwar Okala, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Gabon, ya yi ritaya zai koma garinsu Ntoum, sai ya rarraba wa maƙwabta abin da mota ba za ta ɗauka ba. Ni na samu tukwanen fure biyu. 'Yata ta fari ta samu jita.

Baban yara ya dawo daga shagonsa na unguwar Glass, ya tarar da ita a jingine jikin firij. Ya tsaya yana dubanta kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Can ya ce, "Ban hana ba. Amma in an kira salla a ajiye ta, kuma kada in gan ta a bakin titi." Shari'ar ke nan, ba a sake ɗaga ta ba.

Sai na faɗi wani abu game da yarinyar nan kafin in ci gaba. A nan Libreville aka haife ta. Tana 'yar shekara goma sha biyu muka je gida ganin dangi, ta buɗe baki da Hausarta ta 'yan ci-rani, 'yan uwanta suka yi ta kwaikwayonta suna faɗuwa don dariya. Su wasa suke yi. Ita kuwa ba ta ɗauke shi wasa ba. Tun daga jirgin dawowa ta kulle bakinta da Hausa. In yi mata magana da Hausa, ta amsa mini da Faransanci. Tana jin komai, har habaici tana ganewa, amma kalma ɗaya ba za ta fito ba in ba sunan abinci ba. Ban matsa mata ba. Na ce a raina ƙofar da aka rufe da fushi ba a buɗe ta da ƙafa. Shekara bakwai muka yi a haka.

Jita kuwa ta kama ta da gaske. Daga waya ta koya, yatsunta suka yi kanta. Ita ta koya mini abin da suke kira akor: yatsu uku su danne tsirkiya uku lokaci guda, a kaɗa, sai muryoyi da yawa su fito a haɗe kamar murya ɗaya. Kowane akor da sunansa, Do, Re, Fa, Sol. Akwai masu fara'a, akwai masu ɗaure fuska waɗanda ake ce wa minar.

Wata Asabar ƙawarta ta haihu, ɗiyar maƙwabciyarmu mutuniyar Maraɗi. Muka je barka. Muna fitowa uwar mai jego ta riƙo hannun 'yata ta ce, "Ke ɗiya, ran suna ki taho da abin kiɗin nan naki da muke ji ta taga. Amma waƙar gida muke so, ba ta Turawa ba."

Da yamma ina tsince shinkafa a baranda, ruwa na dukan kwano, ina 'yar waƙata a ciki-ciki. Sai na ga inuwar 'yata a kaina. Ta ce da Faransanci, "Mama, wannan da kike yi kullum, wace waƙa ce?"

Na ce ta kakata ce, da ita take niƙa. Ta ce in yi mata da ƙarfi. Ni ban saba ɗaga murya ba, amma na yi:

Na tashi da kuka, na kwana da kuka,
Inna ta ba ni kuka, Baba ya bar mini kuka,
Baƙo in ka zo gidanmu,
Ba ka komawa sai da kuka.

A tsakar gidan da na girma akwai wata ƙatuwar bishiyar kuka. Daga ita muke miya, ɓawonta igiya, 'ya'yanta a dama da nono. Duk baƙon da ya zo sai kakata ta ƙulla masa garin kuka a ƙyalle ya tafi da shi. Waƙar alfahari ce, ta gidan da ba a rasa miya. Ban yi wannan bayanin ba a ranar. Ban ga dalili ba. Wa zai yi wa mutum bayanin kuka?

Ta kawo biro da takarda ta ce in rubuta mata. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ni da aurena na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau in zan yi rubutu sai na wanke hannu na gyara zama. Na rubuta mata baitin da manyan haruffa, ban goge ko ɗaya ba.

Ran Lahadi aka fara neman akor. Matsalar farko ni ce. Ta ce in fara, na fara, ta lalubo inda muryata take a jikin jita. Da rana ta ce in sake.

Ta ce, "Mama, ɗazu a Sol kika fara. Yanzu kin koma Fa."

Na ce, "Ni ina nan zaune, ban je ko'ina ba."

"Muryarki ce ta tafi."

"To ita ma ta ci abinci ne, ta yi nauyi."

Sai ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da abin matse tufafi a igiyar shanya, wai shi kapo. In muryata ta hau ta matsar da shi gaba, in ta sauka ta dawo da shi baya. Haka ta yi ta bin sawuna kamar mai kiwon akuya ɗaya.

Ran Litinin ta ɗora wa waƙar Do da Fa da Sol, akor ukun da ta ce rabin waƙoƙin duniya a kansu suke tsaye. Suka shiga, ba wanda ya ƙi. Sai dai abin da ya fito irin kiɗan da direbobin taksi ke sakawa ne a hanyar bakin teku. Na ga kakata a idon zuci ta bar dutsen niƙa tana karkaɗa kafaɗa. Baban yara ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Yaushe 'yan Kwango suka tare a gidan nan?" Ita ma ta yi dariya, ta ce a'a, wannan rigar ba ta waƙar ba ce. Ta kwashi takardata ta shige ɗaki.

Ran Laraba bayan la'asar ta fito ta ce ta samo. Ta zaunar da ni. Ta kama La minar, a hankali, ta lumshe ido. Sannan ta buɗe baki ta rera da kanta.

Abu biyu suka same ni a lokaci guda. Na farko, shekara bakwai rabon da in ji jimla cikakkiya ta Hausa daga bakin yarinyar nan, ga ta yau har huɗu a jere. Na biyu, a ƙarshen kowane layi, inda muryar kakata ke faɗowa ƙasa, ita sai ta riƙe ta a sama ta ja, don ta zauna daidai da akor ɗinta. Kukar miya ta koma kukan hawaye. Na tashi ina kuka, na kwana ina kuka, uwa ta ba ni, uba ya bar mini gado. Baƙo kuma in ya zo gidanmu ba ya fita sai mun sa shi kuka.

Abin haushin, ya yi daɗi.

Ta buɗe ido ta ce, "Kakarki ta sha wahala, Mama."

Na ce, "Uhm. Ya yi daɗi."

Na shiga kicin na toshe baki da gefen zane na yi dariya har na riƙe ciki. Ina cikin yi sai na tuna ran Asabar, ran suna. Mata cike da tsakar gida, na Kano da na Maraɗi da na Tawa, kowace da kunnenta, ga jariri sabo, 'yata ta tashi ta sanar da baƙi cewa ba mai komawa gida sai da hawaye. Na san irin shewar da za a yi. Ba da mugunta ba, amma waccan ta 'yan uwanta ma ai ba da mugunta aka yi ta ba. Nan dariyar ta ɗauke.

In na gyara mata, ina tsoron ta ajiye waƙar ta koma inda take. In na yi shiru, mata talatin za su gyara mata a bainar jama'a. Na kai wa babanta maganar. Ya ce, "Ki faɗa mata mana, mene ne a ciki?" Ya ci gaba da shan shayinsa. Maza akwai sauƙin hanya.

Alhamis ta wuce ban ce komai ba. Tana ta maimaitawa a ɗaki, kullum kukan na ƙara kyau.

Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci na ɗora tukunya, na kira ta ta taya ni. Na nuna gwangwanin da ke kan kanta.

Na ce, "Miƙo mini wancan. Af, me ma sunansa? Ya ɓace mini."

Ta dube ni kamar na fara rikicewa. Ta ce, "Kuka." Muryar ta hau ta faɗo, daidai yadda kakata za ta faɗa.

Allah da ikonsa, jaririn maƙwabta bai taɓa ba ni kunya ba, a lokacin yana ta callara ƙara. Na ce, "Shi kuma wancan malamin me yake yi tun ɗazu?"

Ta ce, "Kuka." Wannan karon a miƙe, ba faɗowa.

Na goge hannu na ɗauko takardar da na rubuta mata, na ɗora yatsa a kan kalmar. Na ce, "To wannan wanne ne a ciki?"

Ta duba. Na ga leɓɓanta suna motsi, tana gwada ɗaya, tana gwada ɗaya. Miya na tafasa, ban juya ba.

Na ce, "Laifin takarda ne. Malamarmu ta koya mana baƙi da wasali, ba ta koya mana yadda ake rubuta hawa da sauka ba. Bakinki ya san bambancin, ga shi yanzu kin faɗa. Takardar ce ba ta sani ba."

Sannan na ba ta labarin bishiyar. Ashe ita a saninta kuka gari ne da ake kawowa a leda daga Arewa, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa itace ne da mutum zai gada ba. A ƙasar nan mai ruwa ina za ta gan shi? Ta karanta layin ƙarshe a hankali. Ta ajiye takardar, ta kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na tsaya da ludayi a hannu ban san wanne daga cikin biyun take yi ba.

Da ta ɗago, dariya ce, har da hawaye. Ta ce, da Faransancinta, "A gidan suna! Mama, kwana biyu kina ji kika bar ni?"

Na ce, "Ai ya yi daɗi ne."

Ba ta bari an sauke tukunya ba ta ɗauko jita ta zauna a kan bokiti. Yanzu da muryar ke faɗowa, La minar ya ƙi karɓarta, sai ka ji kamar an taka tsani an rasa mataki. Ta gwada wannan, ta gwada wancan. Na ce mata a garinmu akwai mai gurmi, ban taɓa ganin hannunsa na yawo sama da ƙasa haka ba. Wuri ɗaya yake zama, tsirkiya ɗaya na ta gurnani a ƙasa, waƙa ce ke tafiya ta dawo ta same shi.

Sai ta kama kunnen babbar tsirkiyar ta sassauta shi har muryarta ta yi kauri, ta bar ta a sake tana gurnani. Ta zubar da sauran akor ɗin duka, ta riƙe biyu. A kan "ku" tana Re, a kan "ka" ta sauko Do, ta koma. Saura tafiyar kiɗan, ta ce ba ta san inda za ta buga da ƙarfi ba. Na durƙusa na dafa tabarma da hannu biyu, na tura na jawo, na tura na jawo, yadda ake yi a kan dutse. Ta bi hannuna. A turawa ta buga, a jawowa ta sassauta. Miyar ranar ta kama a gindi, ba wanda ya yi magana.

Ran suna an kafa tanti a tsakar gida saboda hadari. Bayan an ci an sha uwar mai jego ta tafa hannu ta ce a saurara. 'Yata ta zauna a kujerar roba, ta fara. Layi na biyu bai ƙare ba wata ta cafe amshi, sai ga tafi ya tashi. Wata ta ce a gidansu ma akwai kuka, wata ta ce tasu ta fi girma, aka koma gardamar kukar wa ta fi yauƙi. Sau uku aka sa ta maimaita.

Da ta gama, wata tsohuwa mutuniyar Tawa da ke zaune kusa da mai jego ta nuna ta da sanda ta ce, "Wagga ɗiyar wa ce? Kiɗi dai ya yi. Amma Hausar nan ta sha ruwan teku."

Aka fara dariya. Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Sai na ji muryar 'yata, da Hausa, ba jita a ƙarƙashinta: "To Kaka, ai gishiri ya ji ke nan. Taku ta tudu lami ce."

Tanti ya ɗauka da shewa. Tsohuwar ta ce a riƙe ta kada ta tashi ta rama, ta kuma jawo 'yata ta zaunar kusa da ita. Na hango su suna ta musayar baki har aka fara naɗe tabarmi, ban ji me suke cewa ba.

Da muka fito tana rungume da jita, ni ina riƙe da kwanon waina da aka ba mu. Muna zagayo kwana ta ce, "Mama, lamin nan, na faɗa daidai?"

Na ce, "Daidai."

Gaskiya ta ɗan ja shi fiye da kima. Amma yayyafi ya fara sauka, jita kuma ba ta son ruwa, sai muka ɗaga ƙafa.