Yatsana a Takardar Gonar Tabawa

Shekarar da tsutsa ta ci masara, damina biyu bayan rasuwar maigidana, ita ce shekarar da aka zaɓi ɗan ƙanwata kansila. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, to ku saurara, 'yan jikokina.

Ni ungozoma ce a garinmu, kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Rabin garin ni na yanke wa cibiya. Ba gidan da ake hana ni shiga, kuma in na faɗi magana ba a neman shaida. Da wannan nake taƙama, kuma shi na sayar.

Kansila ya fara da turmin atamfa da buhun shinkafa. Ni na goya shi, na ce ladan goyo ne. Ran nan ya zaunar da ni, ya ce yana cikin kwamitin filaye, kuma sun yanke za a dawo da kasuwar hatsi bakin titi, ba wanda ya sani tukuna. Yana son gonakin wurin, amma bai kamata a ga sunansa a takarda ba. "Inna, ke dai ki dangwala yatsa," in ji shi. "Baɗi kina Makka."

Gona mafi kyau a wurin ta Tabawa ce, mai ɗorawa a tsakiya. Shekara ɗaya aka kawo mu garin amare, ni na karɓi haihuwarta duka. Mijinta ya rasu, gonar ce cinta.

Na same ta tana surfe. Na ce mata hukuma za ta ƙwace gonakin bakin titi ba diyya, gara ta sayar tun da wuri, ni zan rufa mata asiri in saya. Ta ajiye taɓarya, ta ce, "Tunda ke kika faɗa, Yaya, wa zan tambaya kuma?" Ta sayar mini da arha, na dangwala yatsa, har godiya ta yi mini. Haka na bi wasu gidajen ma.

Na je Makka na dawo, ana ta Hajiya Hajiya. Tabawa ta zo yi mini barka, hannunta duk ya tsattsage, don ta koma ɓarar masara a gonakin mutane. Na ba ta dabino da zamzam, ta karɓa da hannu biyu. A lokacin an sare ɗorawar, ana jera shaguna.

Ɗanta ne ya dawo daga Kudu ya kai ƙara. A kotu aka baje takardu, kowace da yatsana. Aka kira Kansila, ya zo da babbar riga, ya ce shi dai ya san innarsa tana harkar filaye, bai taɓa sa mata baki ba. Ko kallona bai yi ba. Alƙali ya tambayi Tabawa ko tana da magana. Ta juyo ta ce, "Yaya, da kin roƙe ni, ai da na yanka miki rabi."

Damina biyu na yi a gidan yari. Ranar da na fito ban nufi gida ba, ƙofarta na nufa neman gafara. 'Yarta Ladi ta ce Tabawa ta rasu, an yi arba'in tun watan jiya. Gonar ba ta dawo ba, an riga an sayar wa wasu.

Na tuba ga Allah, amma hakkin Tabawa sai ita, kuma ba ta nan. Ku yara, duk mai riƙe da kujera da ya ce abu halas ne amma kada a ga sunansa, ku janye hannunku, ko da ku kuka goya shi.

Cikin mutanen wancan lokaci, saura Kansila, hotonsa na manne a shagunan, yana neman kujera ta gaba. Saura ni. Saura Ladi, da har yau in mun haɗu takan durƙusa ta gaishe ni, don ni na yanke mata cibiya.