Akori-kurar Yaya Haruna da Tarin Asuba

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, direba, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da na ji mota na tari da sassafe, shi nake tunawa.

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, yana da wata akori-kura da yake jigilar kayan ma'aikata tsakanin Maradun da Mafara, ranar kasuwa ya leƙa Bakura. Lokaci ne na zargi. Wanda aka karɓe wa gona na hararar mai cin abinci a wurin aikin. Maƙwabcinmu Malam Isa na cikin waɗanda ruwa ya cinye wa gona, kuma Yaya ne ya kwashe masa hatsi da shirgi, bai karɓi ko sisi ba.

Sai motar ta tsiro da wani hali. Da safe ta ƙi tashi, in ta tashi inji ya dinga karkarwa, salansa na fat-fat kamar ana fasa dawa. Rana na ɗagawa ta warware. Yaya kuwa, wallahi ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Ya zargi mai sayar da fetur. Ya canza fulogi, ya zargi bakanike da sa masa tsofaffi. Da aka ce an ga sawun Malam Isa kusa da motar, shi ke nan, ya daina amsa gaisuwarsa. Shekara da shekaru katanga ɗaya, abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

"Hassada ce," in ji shi. "Wani abu yaka zuba min cikin inji."

Wata asuba ya ƙi wucewa gida daga masallaci, ya ja ni muka laɓe bayan rumbu. Ga Malam Isa ɗauke da bokiti biyu. Ya wanke taya, ya wanke gilashi, sannan ya kwance wayar da ke riƙe da bonet, ya sheƙa wa inji ruwa har da bismilla. Ruwan nan ke kwanciya a ramin fulogi. Da ya hango mu sai kunya ta kama shi.

"Haruna, ba ni da abin biyanka," ya ce. "Wanga kaɗai nika iyawa."

Na zaci Yaya zai fashe. Ya daɗe yana kallon injin na ɗiga, sai ya ce, "Madalla, Malam. Allah shi saka."

Yau in mota ta yi tari, yaran gareji su jona mata na'ura, su ce a sake kaza. Na san da Yaya na raye, zai tsaya kansu da ido jawur. Amma abin da zai fi damunsa shi ne yadda maƙwabci ya koma tsoron maƙwabci a ƙasarmu, har mutum ya ga sawu a ƙofarsa ya kasa barci.

Ba zan ce ya daina zargi ba. Da shi ya koma ga Ubangijinsa. Sai dai bai taɓa faɗa wa Malam Isa gaskiyar maganar ba, ni ma ya hana ni. Kullum sai ya jira dattijon ya shige gida, sannan ya zare wayoyin fulogi, ya bi ramukan da tsumma ya tsane. Haka ya yi har aka sayar da motar. Ranar jana'izar Yaya, Malam Isa na hawaye yana gaya wa mutane cewa tun da ya fara wanke motar nan, ba ta taɓa ba Haruna matsala ba.