Fulawa a Gemun Baba

Talabijin ta farko da na taɓa gani a Jibiya ta maigidana ce, wani Alhaji mai manyan motoci, wanda nake tuƙa masa ɗaya tsakanin Kano da Maraɗi. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, hanyar iyaka ba ta hutawa. Siminti da sukari da atamfa suna ficewa, wake da ɗan abin da fari ya rage na dabbobi suna shigowa. Alhaji ya sayo akwatin tare da injin wuta, ya sa aka kafa dogon ƙarfe a tsakar garejinsa aka ɗaura eriya a kai. Hoton yakan zo da yayyafi, sai an yi ta juya ƙarfen ana cewa ya yi, bai yi ba, kafin fuskar mutum ta tsaya.

Ranar kasuwa bayan magariba ake fito da ita ƙofar gareji. Dattawa su zauna kan tabarmi a gaba, mu direbobi kan benci, 'yan dako mutanen Maraɗi da yunwa ta koro su hau bisa buhuna a baya. Abin da ke tara mu wani shiri ne na gasar tambayoyi. Tsohon shiri ne, tun ina yaro muke jin sa a rediyo kafin ya koma talabijin. Mai gabatarwa dattijo ne mai sanyin murya. Yakan zaunar da mutum huɗu a gabansa, ya gaisa da kowa har ya tambayi ruwa da amfanin gona, sannan ya shiga kacici-kacici, da sunayen taurarin damina, da launukan shanu, da asalin garuruwa. In mutum ya kakare sai ya ce masa ya yi tunani, ba gaggawa. Wanda ya ci akan ba shi agogo ko turmin yadi.

Babana dillalin shanu ne a kara. Fari ya kashe masa sana'a. Makiyayan da ya yi shekaru yana saukewa wasu sun mutu, wasu sun zama masu gadi a Legas, sabbin masu kuɗi kuma ba sa neman dillali irinsa. Yakan tafi kara da safe ya zauna a inuwa, ya dawo da azahar bai kama igiyar kowa ba. Ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana, ba ma doguwar hira, amma ina ganin yadda yake raguwa a cikin rigarsa.

Ranar shirin nan kaɗai nake ganin Baba na da. Zai sa farar rigarsa, ya naɗa rawani, ya zauna daidai gaban akwatin. Kafin na cikin talabijin su buɗe baki ya ba da amsa. Wani lokaci ya faɗi, a yi masa dariya, shi ma ya yi. Sau da yawa kuma ya ci, mutanen Maraɗi su ɗauki sowa daga bisa buhuna. Bayan an tashi sai a yi ta gardama da shi har bakin masallaci.

Alhaji ne ya fara cewa ai Malam, wato Baba, a cikin shirin ya kamata a gan shi. Yana da wani sani a ma'aikatan kwastan wanda ɗan'uwansa ke aiki a gidan talabijin ɗin, ta nan aka saka sunan Baba. An daɗe shiru har mun manta. Rannan saƙo ya zo da baki cewa ya zo. Inna ta wanke rigar ta kai wa mai bugu. Alhaji ya ba ni ƙaramar motarsa, ya ce in kai shi in dawo da shi.

Muna shiga ɗakin ɗaukar shirin na ga ba abin da muka saba gani ba ne. Babu kujerun nan huɗu. An yi wani dandamali mai fitilu, an jera firji da fanka da rediyo, ga sabon babur a tsakiya an ɗaura masa ƙyalle. Samari da 'yan mata sun cika benci. Na tambayi wani ma'aikaci ina dattijon. Ya ce an sallame shi, wani kamfanin sabulu ya ɗauki nauyin shirin, yau za a fara sabon salo, mu yi murna muna cikin na farko.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Tambaya dai ce ko? To mu gani."

Sabon mai gabatarwa saurayi ne, da kwat da wando mai faɗin ƙafa, yana magana da sauri yana haɗawa da Turanci. Aka tsayar da su su huɗu, Baba ne kaɗai tsoho. Da aka zo kansa ya fara gaisuwa yadda ya saba, yaron ya katse shi.

"Baba, daga ina?"

"Daga Jibiya nit taho."

"Nit taho!" Ya juya ga jama'a yana kwaikwayon muryar. "Kun ji hwa! Baba, tsakani da Allah, ɗan Nijeriya ne kai, ko dai tsallako mana ka yi?"

Akwai wani mutum a gefe da aikinsa ke nan, in ya ɗaga hannu a yi tafi da dariya. Ya ɗaga. Baba ya yi murmushi, don a zatonsa raha ce ta mai masauki.

Tambayoyin suka zo kamar ruwan ƙanƙara. Babban birnin wata ƙasar Turai. Sunan wata mota daga hoton gabanta. Wane mawaƙi ne wannan, aka sa faifai. Ga ƙararrawa, in ba ka amsa nan take ba ta kaɗa. Baba yakan gyara tsayuwa ya ce, "To, wannan kuwa," sai ƙararrawa. Ko ɗaya ba a bari ya kai ƙarshen magana ba. Wani ɗan makaranta ya cinye zagayen.

Sai yaron nan mai gabatarwa ya ce a sabon tsari wanda ya zo na ƙarshe yana da hukunci. Aka kawo faranti cike da fulawa aka ajiye kan tebur. An binne alawa a ciki, mutum zai sa hannuwa a baya ya nemo ta da baki.

Na miƙe daga benci. Wani ma'aikaci ya riƙe mini hannu ya ce ana ɗauka. Baba ya hango ni, ya girgiza kai kaɗan, irin yadda yake yi mini tun ina yaro in yana so in zauna. Na zauna.

"Baba, rawanin nan zai ɓaci, a cire," in ji yaron. Bai jira ba ya kai hannu. Baba ya riga shi, ya warware da kansa, ya naɗe a hankali, ya cire hular ya ɗora a kan rawanin. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe cikin mutane ba. Ya sunkuya ya sa fuska a farantin. Ya daɗe. Da ya ɗago, fulawa ta rufe masa ido da hanci da gemu, yana tari, alawar na tsakanin haƙoransa. Wannan karon ba a jira mai ɗaga hannu ba.

Aka ba shi bokitin roba da katan ɗin sabulu.

Muka kamo hanyar gida har muka wuce Katsina. Na ce, "Baba, don me ba ka ƙi ba?"

Ya ce, "Alhaji ya kai ni. In na ƙi, shi na kunyata. Kuma gidansu ne, mu baƙi ne."

Ba a nuna shirin nan take ba, sai kasuwa ta zagayo. Wannan jiran ya fi mini komai wuya. Duk inda na bi ana tambayata yaya aka yi, Malam ya ci agogo? Baba kuwa abin da yake cewa kawai, za ku gani. Na je na sami Alhaji na gaya masa komai, na roƙe shi ya ce injin ya lalace. Ya dafe kai yana salati. Ya yarda, amma labarin fitowar Malam ya riga ya kai har ƙauyukan Mazanya da Farfaru, kuma a lokacin akwai wata talabijin a barikin kwastan. Da Baba ya ji abin da muke shiryawa ya aiko a kira ni.

"Kai, a kunna abin ga. In ba su gani nan ba su ji a bakin wasu, ya hi muni."

Ban taɓa ganin taro a ƙofar garejin nan kamar na ranar ba. Har mata sun leƙo ta katanga. Baba ya sa farar rigarsa ya zauna inda yake zama. Da fuskarsa ta fito aka ɗauki kabbara da tafi. Da yaron ya kwaikwayi maganarsa, wasu samari suka yi dariya, amma bisa buhuna tsit. Da aka zo kan faranti, wani dattijo a kusa da Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yara suka fashe da dariya, ba su san komai ba. Wasu direbobi suka danne, suka kasa. Baba bai kau da ido daga akwatin ba har aka gama. Ya yi wa na kusa da shi sallama, ya sa takalmi ya tafi gida.

Bayansa gardama ta tashi. Wani tsohon ɗan dako, mutumin Maraɗi, ya sauko daga kan buhu.

"Ba shi ɗai anka yi ma dariya ba. Mu duka ne. Maganar uwayenmu ce abin dariya?"

Wani abokin aikina direba ya ce, "Haba Baba, wasa ne fa. Kullum sai taurari da launin saniya? Zamani ya canja. Ba ka ga an ba yaro babur ba?"

"To kai kai ubanka a yi wasan da shi."

Sai da aka shiga tsakaninsu. Alhaji ya kashe injin, wurin ya yi duhu, kowa ya watse yana faɗin nasa.

Washegari Alhaji ya zo har gida ya durƙusa a zaure. "Malam, wallahi ban sani ba." Baba ya ce ba komi, alheri ya yi niyya. Ya sa Inna ta raba sabulun ga maƙwabta.

Na zaci mutane za su ƙaurace wa shirin. Dattawa dai sun daina zuwa, tabarmin gaba suka zama na yara. Mutanen Maraɗi suka yi makonni ba sa tsayawa, daga baya samarinsu suka fara komawa ɗaya-ɗaya, don ba su da wani wurin zuwa bayan sun sauke kaya. Amma taron ƙaruwa ya yi. Masu shayi da tsire suka kafa tebur a wurin. Kowane mako da sabon hukunci, yau a sa mutum rarrafe, gobe a juye masa ruwa, kuma abin da ake jira ke nan. In ana tambayoyi hira ake yi, sai an ga faranti ake cewa a yi shiru. Masu cewa an lalata shirin su ma ana ganinsu a tsaye daga nesa, hannu a baya.

A gari ba wanda ya tari Baba da maganar. Manya suka riƙa gaishe shi da wata irin girmamawa mai yawa, kamar mai jinya. Yara ne ba su da wannan. In ya wuce sai a ji daga bayan katanga, "Nit taho! Baba mai fulawa!" Na kori wasu, na je wurin iyayen wasu, bai hana ba. Wani baƙo a kara ya tsura masa ido ya ce kamar ya san fuskar nan. Daga ranar Baba bai sake zuwa kara ba. Daga baya ya koma yin sallah a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya fita.

Da damina ta kusa ya ce zai tafi Bugaje wurin ƙanensa ya taya shi noma. Mutumin da bai riƙe fartanya ba tun yana saurayi. Inna ta yi kuka, ta bi shi. Ƙauyen ba wuta, ba wanda ya ga shirin, ko da yake an ji labari. Nakan biya in kai musu hatsi da kananzir. Nakan same shi a gindin bishiya a bakin gona, ya rame, ya bar naɗa rawani. Ya tambayi hanya, ya tambayi Alhaji, shi ke nan. Sau ɗaya ƙanensa ya jefa masa kacici-kacici don ya motsa shi. Ya ce ya manta.

A damina ta biyu tari ya kama shi. Ya ƙi a kawo shi asibitin gari. Ina Kano ina jiran lodi aka aiko mini, kafin in iso ya cika.

Da na tsaya a gareji zan wuce Bugaje, na tarar da 'yan dakon Maraɗi sun bar aikin ranar suna jirana, tsohon nan a gabansu. Suka hau bayan mota. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laka, sau biyu suna sauka suna turawa. Su suka haƙa kabarin, suka hana mutanen ƙauye taɓa magirbi. Bayan an rufe shi muka zauna a ƙofar gidan ƙanensa ana karɓar gaisuwa har la'asar, sannan na mayar da su gari, don akwai siminti da za a sauke kafin a rufe iyaka.